Fuskar da Amurkawa Suka Ba Babana

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Ni ba mai magana ba ce, ko a coci a can baya nake zama, kuma karatuna a firamare ya tsaya lokacin da ciwon mahaifiyata ya yi tsanani. Amma ba rashin karatu ne ya riƙe mini hannu ba. Na ga da idona abin da ke faruwa idan mutum ya kwashi abubuwa na gaskiya ya jera su yadda ya ga dama, shi ya sa nake tsoron kada ni ma in jera nawa a karkace. To, zan faɗe su yadda suka zo.

Sunana Unaisi. Babana Sakiusa shi ke da kwalekwale mai inji da ke kai mutanen ƙauyenmu babban tsibiri ranar kasuwa. Tun rasuwar mahaifiyata mu biyu ne a gida. Mutum ne mai yawan dariya, ko inji ya mutu a tsakiyar teku dariya yake fara yi kafin ya buɗe shi.

Ina ƙarama sosai, Torika 'yar Nei Akanisi ta fita tsintar katantanwa da ruwa ya janye, ba ta dawo ba. An sami kwandonta a kan dutse, a cike, an rufe shi da ganye saboda rana, a wurin da ruwa ko gwiwa bai kai ba. 'Yan sanda suka zo daga Suva, babban birnin ƙasarmu, suka yi tambayoyi, suka ci rogo da kifi, suka koma. Ba a ƙara samun komai ba. Nei Akanisi gwaggo ce a wurina ta nesa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta wuce ta wannan dutsen ba.

Shekaru bayan haka wata 'yar ƙauyen maƙwabtanmu da ta yi karatu a New Zealand ta zo da kyamara. Sai da ta kai wa Nei Akanisi saiwar yangona, wadda a al'adarmu ake kai wa mutum idan za a nemi izini ko gafararsa, ta zauna a ƙasa ta nemi izini, sannan ta yi fim da harshenmu, da mutanenmu, ta canza sunaye. Ba a nuna jini a ciki, ba a nuna gawa. A ƙarshensa uwar yarinyar na zaune a bakin hanya ranar Lahadi, mazan ƙauye suna wucewa coci ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gaishe ta, tana kallon hannuwansu. Nan fim ya ƙare. Muka kalla, kowa ya koma gidansa. Ba a nuna kowa da yatsa ba, don fim ɗin bai nuna ba.

An ce fim ɗin ya ci kyauta a ƙasashen waje. Sai Amurkawa suka saye labarin, suka zo su sake yin sa.

Sun zo da jirgi cike da akwatuna da fitilu da janareta manya. Ni aka ɗauka dafa abinci da wanki. Daraktansu, Mista Brannock, dogo ne mai jan wuya, kuma ba mugu ba ne. Da aka faɗa masa ba a sa hula a cikin ƙauye, cire ta ya yi, ya yi ta yawo rana na ƙona masa kai. A gaban dagaci ya yi bayani, tafinta na juyawa.

"Fim ɗinku kyakkyawa ne, na kalle shi har na gaji da ƙirga. Amma mutanenmu ba sa son karanta rubutu a ƙasan hoto, kuma ba su san fuskokinku ba. Za mu yi shi daidai da naku, harshe kawai za mu canza."

Ba harshe kawai suka canza ba. Yarinyar da ta ɓata ta zama Ba'amurkiya 'yar yawon buɗe ido, mai neman ta kuma yayarta ce, ba uwa ba. Sai dai kwandon yana nan, dutsen ma shi ne dai. Kowa ya san labarin wa ake yi.

Suna buƙatar mai kwalekwale a cikin labarin, Baba kuma shi ke jigilarsu kullum. Sai Mista Brannock ya ce ai ga shi nan. Aikinsa ya miƙa wa baƙuwar da za ta ɓata hannu ta shiga kwalekwale, ya yi murmushi, ya ja inji. Momo Peniasi, wato kawu Peniasi, ƙanen mahaifiyata, abokin wasan Baba ne tun suna yara, kuma bai bar shi ya sarara ba.

"Kai, ku ba tauraro hanya! Sakiusa, idan ka isa Amurka ka aiko mini da haƙora, su ma suna da na roba."

"Zan aiko maka da sabulu tukuna. Kai kyamarar ma da ta hango ka sai da ta yi tari."

"Da wannan tumbin? Ai sai sun haɗa kyamara biyu kafin ka shiga."

Haka suka yi ta yi har Amurkawan suka gama suka tafi.

Bayan wasu watanni sai ga su sun dawo, amma su uku kacal: darakta, mai kyamara da tafinta. Ina zuba musu shayi na ji tafintan yana ba Momo Peniasi labari. Wai an tara mutane a wani zaure a can an nuna musu fim ɗin kafin a fitar da shi kasuwa, da aka gama aka tambaye su. Suka ce fim ya yi, amma wa ya yi kisan? Sun zauna tun daga farko har ƙarshe sannan a sallame su ba amsa? Masu kuɗin fim ɗin suka ce a koma a gyara.

"To wa ya yi?" in ji Momo Peniasi.

Tafintan ya ɗaga kafaɗa. "Ni juya magana aka ɗauke ni. Su ma ina ji a ɗakin haɗa fim za su yanke."

Baba kaɗai suka nema. Ina tsaye a kan yashi da butar shayi na ga duk abin da aka yi, kuma babu abu ɗaya a ciki da ba ya yi kullum. Aka ce ya wanke cikin kwalekwale, ya wanke. Aka ce yana wankewa ya waiga ta kafaɗa kamar an kira shi, ya waiga. Aka fita da shi inda ruwa ke da duhu aka ce ya jefa anka, abin da ke tsayar da kwalekwale a wuri ɗaya. Ankarsa buhu ne cike da duwatsu an ɗaure bakinsa da igiya, kamar na kowa a nan. Ya ɗaga da ƙyar, ya tura shi cikin ruwa.

Abu ɗaya ne ya ba su wahala, dariyarsa. Mista Brannock ya ce kada ya yi murmushi. Baba ya ɗaure fuska, da ya haɗa ido da mai kyamara sai ya fashe. Aka sake. Aka sake. Tun rana na tsaka har ta karkata, bai ci komai ba, bayansa na ciwo saboda ɗaga buhu. Can dai dariyar ta ƙare masa. Ya waigo ya dubi kyamara da idon mutumin da ya gaji, yake son a ƙyale shi ya tafi gida.

"Yawwa! Wannan nake nema," in ji darakta. Ya rungume shi, ya ba shi agogon hannunsa.

Kusan shekara ta zagayo kafin ɗan fasto ya dawo daga Suva da fim ɗin da majigi na aro. Ranar Asabar da rana aka rufe tagogin zauren ƙauye da tabarmi, aka rataya farin zanen gado. Kowa ya zo. Dagaci ya sa aka zaunar da Baba a gaba, aka rataya masa furanni a wuya. Nei Akanisi na gefen mata, ɗanta Waisake, yayan Torika, yana tsugune a bakin ƙofa.

Da farko biki aka yi. Duk wanda ya hango gidansa ko aladensa sai ya yi ihu. Da Baba ya fito yana miƙa wa baƙuwar hannu, zauren ya ɗauki tafi, Momo Peniasi ya ce a tsayar ya ƙirga haƙoran. Fim ɗin yana da gudu, ga kiɗa mai sa gaban mutum faɗuwa, ga tsere cikin daji da ba a yi a namu ba. Ni dai na ga namu ya fi shiga jiki, amma yara sun fi son wannan.

Sai aka zo ƙarshe. Yayar tana zaune a jirgin sama za ta koma gida, ta rufe ido. Kiɗa ya sauya. Aka sake nuna hannun Baba yana kama na yarinyar, amma a hankali, har ana ganin jijiyoyin hannun. Yarinyar ta zauna a gaba ta ba shi baya. Sai aka nuna shi shi kaɗai a kan ruwa mai duhu, yana jan buhu mai nauyi, yana tura shi. Buhun ya nutse, kyamara ta bi shi ƙasa. Sai ga shi yana wanke cikin kwalekwale, ruwan da ke gangarowa sun sa masa ja. Ya waigo. Fuskarsa ta cika zanen gadon, ba dariya, idanun a mace.

Ban san mutumin nan ba. Kuma babana ne.

Rubutun ƙarshen fim ya fara hawa. Ba wanda ya tafa. Ƙarar janareta kawai ake ji. Baba ya yi wata 'yar dariya ya juyo ya dubi mutane.

"Anka ce fa. Kun san ankata."

Momo Peniasi ya yi ƙoƙari. "Ni dama na faɗa, wannan fuskar ko kifi ya gani sai ya gudu."

Ba wanda ya taya shi. Nei Akanisi ta miƙe a hankali, ta bi ta bayan mutane a duƙe kamar yadda ake yi, ta fita. Waisake bai bi ta nan da nan ba. Ya daɗe yana kallon Baba.

Washegari a coci, bencin da Baba ke zama ya yi masa faɗi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ƙi amsa gaisuwarsa. Ana dai amsawa ana duba wani wuri. A bakin famfo na ji mata suna magana, ba su lura da ni ba, dama ba a cika lura da ni ba.

"Fim ne dai, wasa ne."

"Wasa ne, amma me ya sa shi? Ba su ɗauki Peniasi ba, ba su ɗauki fasto ba."

"Kin manta sun yi watanni a nan suna tambaye-tambaye? Har da na'urar da ke shiga ƙarƙashin ruwa suka zo."

"Kuma sai da suka tafi suka dawo, shi kaɗai suka nema. Me suka gano a can?"

"Ranar da abin ya faru ina yake?"

"A teku."

"Shi da wa?"

Sai ƙarar ruwa a bokiti.

Cikin makon nan yara suka ƙirƙiro wasa: ɗaya ya ja buhu a yashi, ya waigo ya zare ido, sauran su watse da ihu. Wata uwa da 'yarta ke bin kwalekwalenmu zuwa makaranta ta ce yarinyar ba ta jin daɗi. Ba ta ƙara shiga kwalekwalenmu ba. Na kira lambar tafintan, aka ce ya koma wani aiki. Baba ya cire agogon ya jefa a akwati.

Ranar Alhamis da la'asar na same shi yana naɗe saiwar yangona, babba, wadda ya yi shekaru yana ajiya. Ya sa zanensa na coci, irin wanda mazanmu ke ɗaurawa.

"Baba, ina za ka?"

"Gidan Akanisi."

"Ban haƙuri za ka kai?"

"Da fuskata aka tono mata ciwonta a gaban gari. Ko ban sani ba, ni ne a zanen. Idan ta ɗora hannu a kan saiwar nan, magana ta binnu, ba mai sake tada ta. Haka muka gada."

"Baba, ba za su ji haka ba. Za su ce..."

"Su ce me?"

Ya dafa kaina.

"Unaisi, idan ban je ba su ce girman kai, ko tsoro. Ɗauki zanenki, ki raka ni."

Ya nemi Momo Peniasi ya yi masa baki, kamar yadda ake yi. Momo ya ce ƙafarsa na ciwo. A tsaye yake yana saran kwakwa lokacin da ya faɗa.

Muka shiga ta ƙofar baƙi, muka zauna a ƙasa can kusa da bakin ƙofa. Nei Akanisi na zaune a saman tabarma, hoton Torika da kayan makaranta a bango bisa kanta. Waisake na gefenta. A waje na ji takun mutane suna taruwa.

Baba ya ajiye saiwar a gabansa, ya sunkuyar da kai, ya yi tafi da tafin hannu a dunƙule. Ya yi magana mai tsawo da muryar da ake yi wa manya. Ya ce shi ƙaramin mutum ne marar wayo. Ya ce ya jawo wa gidan nan baƙin ciki, ya san babu abin da zai biya, yana roƙo a binne laifinsa. Kalmomin da kowa ke faɗa ne a irin wannan zama, na sha jin su a kan alade ya ci gonar wani. Amma ranar, duk kalmar da ta fito sai in ji ta kamar ta mai amsa laifin kisa. Bai ambaci fim ba sai can a tsakiya, sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa.

Nei Akanisi ta matso. Ta ɗora hannu biyu a kan saiwar, ta daɗe a haka. Sannan ta yi tafi. Na ga kafaɗun Baba sun sauka.

"Na karɓa, Sakiusa," ta ce. Muryarta a sanyaye, babu fushi ko kaɗan. "Na daɗe ina jiran wani ya shigo ta ƙofar nan da saiwa. Na yafe maka. Ba zan kira 'yan sanda ba, ba wanda zai taɓa ka. Ka kai ni wurin kawai."

"Wane wuri, Akanisi?"

"Inda ka saka ta. Ba zan yi kuka ba. Furanni zan zuba in dawo."

"Akanisi, don Allah. Saboda fim na zo. Fim ɗin nake ba ki haƙuri a kai."

"Wannan saiwar?" Ta shafa ta. "Saboda wasan Turawa mutum zai fito da saiwa irin wannan?"

"Anka ce! Buhun duwatsu ne, ɗanki ma irinta gare shi!"

Waisake ya miƙe tsaye. A cikin ɗaki, a kan mutane suna zaune, abin da ko yaro ba ya yi. Ya dubi Baba daga sama.

"Momo Sakiusa, ka ji abin da ta ce. Gobe da safe, kafin 'yan kasuwa."

Da muka fito mutane suka dare mana hanya. Baba na gaba ina biye. Rana ta kusa faɗuwa, inuwarsa ta yi tsawo a kan ciyawa. Kare ya yi haushi a bayanmu, ya waigo ta kafaɗa. Daidai yadda ya waigo a zanen. Na tsaya cak.

A gida na zuba masa abinci, bai taɓa ba. Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne ya riga ni.

"Baba, ranar da Torika ta ɓata, ina ka je?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Har da ke?"

"Tambaya kawai na yi."

"Bayan tsibiri na je kamun kifi. Na dawo da babba guda, uwarki ta dafa da madarar kwakwa, ke kika ci idon. Kin tuna?"

Na yi ƙoƙari. Na tuna mahaifiyata a bakin murhu, na tuna idon kifi, amma na sha cin idon kifi. Wadda za ta ce haka aka yi tana kabari.

"Na tuna," na ce.

Ya gane ban tuna ba. Ya ture kwanon ya shiga ɗaki.

"Kada ka je gobe," na ce ta bayan labule.

"Idan ban je ba, na ƙi nuna mata. Idan na je, ban san inda zan tsaya ba. Duk inda na kashe inji, can ne. Je ki kwanta."

Da gari ya waye na riga shi fita. Nei Akanisi na zaune a tsakiyar kwalekwalenmu da farar rigarta ta coci, furanni cike da cinyarta. Waisake na zaune a baya, dab da inda Baba ke riƙe inji, addarsa ta saran rake a kwance bisa gwiwarsa. A nan kowa na yawo da adda, ba wanda zai ce don me. Amma babu abin sara a teku. Mutane na tsaye a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, har da Momo Peniasi, ba wanda ya sauko kan yashi.

Na ji takun Baba a bayana, yana ɗauke da tankin mai. Ban jira shi ba. Na tattare zanena na shiga ruwa, na hau, na ratsa ta gefen Nei Akanisi, na zauna a kan katakon da ke tsakanin Waisake da mazaunin Baba. Wurin ƙarami ne, gwiwata na taɓa ƙotar addar.

"Unaisi, sauka," in ji Waisake. "Ba tafiyarki ba ce."

Ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da nake. Ranar na haɗa. Ban sauka ba.

"Na ce ki sauka."

"Bar ta," in ji Nei Akanisi, ba ta ko juyo ba.

Baba ya hau, kwalekwalen ya yi tangaɗi. Ya zauna a bayana, ina jin numfashinsa a wuyana, gashin jikina duk ya tashi, kuma na tsani kaina da ya tashi. Ban matsa ba. Ya ja inji, bai kama ba, ya sake ja, ya kama. Bai yi dariya ba. Igiyar na ɗaure a turke kusa da hannuna, ba wanda ya sauko ya kwance mana. Na miƙa hannu na kwance ta, na naɗe ta a cinyata, muka fita.